Nauyi a Sama, Haɗari a Ƙasa: Nazari a kan Tsara Dandamalin Ɗaga Kaya

Duk inda ake hulɗa da kaya masu nauyi, masana'anta ce ko sito ko tashar lodi, akwai aikin da ba ya ƙara wa kaya daraja ko ta anini, amma ba makawa sai an yi shi, wato cicciɓar kaya daga wani tsayi zuwa wani. Buhu yana ƙasa, bayan tirela yana sama da mita guda. Falan-falan na ƙarfe suna jibge a daɓe, bakin injin da zai yanka su yana daidai ƙugu. Wannan nazari ya shafi na'urar da aka ƙera domin cike wannan tazara, da yadda ake tsara ta don kada ta zama ajalin masu aiki da ita. Za mu fara da tsayar da ma'anar kalmomi uku. Idan muka ce sarrafa kaya, muna nufin ɗauka da matsarwa da jerawa da ajiye kaya a cikin wurin aiki, ban da jigilarsu a kan hanya. Dandamalin ɗaga kaya kuwa shimfiɗaɗɗen faranti ne na ƙarfe wanda na'ura ke hawa da shi tana saukowa a miƙe, kaya na zaune a kansa. Ya bambanta da kireni, wanda ke rataye kaya a ƙugiya, ya kuma bambanta da lif na gidajen sama, wanda aka yi domin mutane. Ta uku ita ce aminci. Kowace na'ura tana lalacewa, komai kyan ƙirarta, don haka amintacciyar na'ura a wurinmu ita ce wadda in wani sashe nata ya lalace, ɓarnar ba ta kai ga jikin mutum.

Dalilin buƙatar na'urar a fili yake ga wanda ya taɓa tsayawa ya kalli 'yan dako suna lodi. Cibiyar binciken lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, ta sabunta lissafinta na ɗaukar kaya da hannu a shekarar 1991, inda ta ɗauki kilo 23 a matsayin iyakar abin da akasarin ma'aikata za su iya ɗagawa ba tare da cutar da gadon bayansu ba. Wannan ma sai a yanayi mafi kyau: kayan na kusa da jiki, ba sunkuyo mai yawa, ba murɗa ƙugu, ba maimaitawa a kai a kai. Buhun siminti kilo 50 ne, babban buhun hatsi irin wanda ake lodi a kasuwar Dawanau ta Kano kuwa yakan kai kilo 100. Dandamali yana ɗauke wa baya wannan wahala, sai dai yana zuwa da nasa haɗarin, wanda ya fi na farko saurin aukuwa.

Ire-irensa

Ana iya karkasa dandamali ta fuskoki da dama, amma wadda ta fi amfani ga mai tsarawa ita ce ta abin da ke riƙe da farantin. Iri na farko shi ne mai almakashi, inda hannuwan ƙarfe biyu suka gitta juna a ƙarƙashin farantin, suna buɗewa suna rufewa. Na biyu shi ne mai ginshiƙi, inda farantin ke bin doguwar hanya ta ƙarfe a tsaye, sarƙa ko igiyar ƙarfe tana jan sa; shi aka fi sawa don kai kaya bene. Na uku shi ne mai zare, inda ake juya sandar ƙarfe mai zare irin na noti, farantin ya hau a hankali. Ta fuskar ƙarfin da ke tuƙa su, akwai na famfon ƙafa, da na iska mai matsi, da na lantarki, da na haidurolik, wato wanda ake tura mai da matsi ya yi aikin. Akwai kuma wanda aka kafe wuri guda, wani lokaci cikin rami don ya yi daidai da daɓe in ya sauka, da mai tayoyi da ake turawa. Za mu mayar da hankali a kan mai almakashi da ke aiki da haidurolik, saboda yaɗuwarsa, kuma saboda matsalolinsa sun tattara na sauran. Shi ne ƙa'idar Turai mai lamba EN 1570-1 da ta Amurka mai lamba ANSI MH29.1 suka yi wa tanadi dalla-dalla.

Akwai gaskiya guda da duk tsarin ya rataya a kanta. Kayan da aka ɗaga ba su huta ba. Ƙarfin da aka kashe wajen ɗaga su yana nan a ajiye cikinsu, yana jiran hanyar fita. Tan biyu da ke tsaye a mita ɗaya da rabi, in abin da ke riƙe da su ya saki baki ɗaya, za su iso ƙasa cikin rabin daƙiƙa da 'yar ɗoriya, da gudun da ya kusa kilomita 20 a awa. Ba mai iya janye ƙafarsa a wannan lokaci. Mutumin da ya fara ɗaukar wannan gaskiya da muhimmancin da ya dace shi ne Elisha Otis, wanda a 1852 yake aiki a wata masana'antar ƙera gadaje a Yonkers ta jihar New York, kuma matsalar da ke gabansa ta ɗaga kaya ce zuwa bene. Bai nemi igiyar da ba ta tsinkewa ba. Ya ɗaura igiyar ne a jikin sifirin irin na keken doki, ta yadda muddin tana ja, sifirin yana tanƙware. Da ta tsinke sai ya miƙe, ya cusa harsunan ƙarfe cikin haƙoran da aka jera a jikin ginshiƙan gefe, dandamali ya tsaya cak. A 1854 ya hau dandamalinsa a gaban jama'a a wurin baje kolin New York, ya sa aka sare igiyar. Abin lura a ƙirar shi ne cewa tsinkewar da kanta ce ke taka birkin. Duk wata dabarar kariya da za mu ambata nan gaba, da wannan ma'auni za mu auna ta: in ta lalace, ko wuta ta ɗauke, ko mai ya zube, ina take karkata, wajen riƙewa ko wajen saki?

Lissafin almakashi

Idan aka tambayi mai kallo inda dandamali ya fi wahala, zai nuna sama, lokacin da ya miƙe ƙarshen tsayinsa. Lissafi ya saɓa masa. Bari mu ɗauki almakashi mai hawa ɗaya. Kowane hannu ƙarshensa ɗaya yana kafe da fin, wato gajeriyar sandar ƙarfe da gaɓa ke juyawa a kanta, ɗaya ƙarshen kuma yana kan ƙaramar taya da ke gangarawa. A ce abin da ke tura hannuwan yana kwance a ƙasa, yana matso da ƙafafun biyu kusa da juna. Ƙarfin da ake buƙata ya dogara ga kusurwar da hannun ya yi da ƙasa. A digiri 45, ƙarfin turi daidai yake da nauyin kayan. A digiri 30 ya kai ninki 1.7. A digiri 10 ya haura ninki biyar da rabi, a digiri 5 kuwa ya wuce ninki goma sha ɗaya. Ke nan tan guda da ke kan dandamalin da ya kusa kwantawa yana neman turin da ya fi tan goma sha ɗaya kafin ya motsa, ban da nauyin farantin da hannuwan kansu. In almakashin hawa biyu ne, sai a ninka. Duk wanda ya taɓa canza taya da ƙaramin jak mai almakashi ya san haka a damtsensa: juyin farko shi ne mai tauri, da mota ta fara tashi sai hannu ya samu sauƙi. Masu ƙira sukan rage tsananin ta hanyar karkata silinda, wato abin da ke yin turin, a tsakanin hannuwan maimakon kwantar da ita, amma ragewa ce kawai, asalin dokar na nan.

Abubuwa uku ke biyowa daga wannan lissafi, kuma na biyunsu ne aka fi mantawa. Na farko, kaurin fin da ƙarfin walda da mazaunin silinda duk dole a auna su da halin da dandamali ke ciki a can ƙasa, gwaji ma daga nan ya kamata ya fara. Na biyu ya shafi kayan da ake ɗorawa daga sama. A tsarin mai akwai bawul, wato ƙofar da ke buɗe wa mai hanya ko ta rufe, wanda aikinsa shi ne sakin mai ya koma tanki in matsi ya wuce iyaka. Idan aka yi wa dandamali lodi fiye da kima yana ƙasa, wannan bawul zai buɗe, dandamali ya ƙi tashi, kowa ya gane an cika masa kaya. Amma idan yana sama, daidai da bayan tirela ko bakin bene, aka turo masa ninkin abin da ya dace, matsin da ke cikin silinda bai kai ya nuna komai ba, domin a wannan kusurwa aikin da sauƙi. Sai an fara saukowa matsi ya riƙa hauhawa, ya kai ƙololuwa a daidai lokacin da kayan suka kusa ƙasa, kuma bawul ɗin da ke gefen famfo ba shi da ta cewa a wannan hanya. Saboda haka dandamalin da za a riƙa yi wa lodi daga sama yana buƙatar ma'aunin nauyi na daban, wanda zai yi ƙara ya kuma hana motsi. Na uku, lissafin da ya sa ƙarfi ya yi yawa a ƙasa shi ne ke sa gudu ya yi yawa a ƙasa: matsawar silinda kaɗan tana sauko da faranti da yawa in hannuwan sun kusa kwantawa. Dandamali yakan fi sauri a ƙarshen saukowarsa, a daidai inda ƙafafun mutane suke.

Sama ma tana da nata. Yayin da almakashi ke miƙewa, tayoyin suna matsowa ciki, gindin yana tsukewa, wani ɓangare na farantin ya zama ba abin da ke tallafe da shi kai tsaye. Nan ne haɗarin karkata da kifewa yake, musamman ga mai tayoyi da ke tsaye a daɓen da bai daidaita ba. Maganinsa faɗin gindi, da kafe shi da notuka a kankare mai kauri, da sanin ta wane gefe kaya za su shigo tun kafin a zana komai.

Nauyin da aka yarje

A jikin kowane dandamali akan rubuta adadi, misali kilo 2,000. Wannan shi ne nauyin da aka yarje, wato mafi yawan abin da maƙerin ya amince a ɗora. Adadin yana da sharaɗin da ba kasafai ake karantawa ba: kayan su bazu a kan farantin gaba ɗaya. Ƙa'idar Turai ta tanadi cewa dandamali na gama-gari ya iya ɗaukar cikakken nauyin in ya bazu, rabinsa in ya taru a rabin tsawon faranti, sulusinsa in ya taru a rabin faɗinsa. Ma'ana, dandamalin tan biyu bai yi alkawarin ɗaukar tan guda da aka tara a rabin faɗinsa ba. Matsalar ta fi tsanani ga kaya masu gangarowa. Lokacin da aka turo falet, wato katakon da ake jera kaya a kansa, a kan keken ja, nauyin yana bi ta bakin farantin da farko, a kan ƙananan tayoyi, kafin ya isa tsakiya. Gangunan mai da naɗin takarda suna iya mirginawa bayan an ɗora su. Mai tsarawa na gari tambayoyinsa na farko su ne: mene ne kayan, da me ake shigo da su, ta wane gefe, sau nawa a yini, kuma shin mutum zai hau tare da su? In mutum zai hau, sai an sa shinge, wanda ƙa'idar ISO 14122-3 ta sa tsayinsa milimita 1,100, da ɗan katangar ƙasa ta milimita 100 don tare abin da zai zame.

Daga nan sai rarar ƙarfi, wato ninkin da ke tsakanin abin da zai karya sashe da abin da aka yarda ya ɗauka. Dokar injuna ta Tarayyar Turai ta 2006 ta ɗauki ninki biyar a matsayin abin da ya dace da igiyar ƙarfe, huɗu ga sarƙa. Tiyon mai kuma a al'ada ninki huɗu ake ba shi. Wasu masu masana'antu sukan ɗauki wannan rara a matsayin izinin ƙara kaya, abin da muke gani babban kuskure ne. An ajiye rarar domin abubuwan da lissafi bai gani ba: girgizar tsayawa farat ɗaya, ɓoyayyen aibi a walda, tsatsa, da gajiyar ƙarfe. Gajiyar ƙarfe ita ce tsagewar da ke farawa ƙarama ta riƙa girma saboda maimaita ɗorawa da saukewa, ko da nauyin bai taɓa kaiwa na karyawa ba. Injiniyan Jamus August Wöhler ne ya tabbatar da ita a gwaje-gwajensa kan sandunan da ke riƙe tayoyin jirgin ƙasa a tsakiyar ƙarni na 19. A dandamali takan fara daga bakin walda, kusa da ramin fin ko mazaunin silinda. Wanda ke hawa sau goma a yini da wanda ke hawa sau ɗari biyar a layin ƙera kaya ba na'ura ɗaya ba ce, ko da adadin da ke jikinsu ɗaya ne. Sandar silinda kuma tana da nata ciwon, wato lanƙwashewa a ƙarƙashin turi. Tun 1744 Leonhard Euler ya nuna cewa in aka ninka tsawon siririyar sanda, abin da za ta iya tokarewa yana komawa rubu'i.

Mai da bawuloli

Tushen haidurolik ka'idar Blaise Pascal ce ta ƙarni na 17, cewa matsin da aka yi wa ruwa a rufaffen wuri yana isa ko'ina daidai, wadda Joseph Bramah ya mayar da ita injin matsa kaya a Ingila a 1795. Ana auna matsi da bar, kuma bar ɗaya kusan nauyin kilo guda ne a kan murabba'in santimita. Silinda bututu ce mai kauri da fistan ke tafiya a cikinta. In faɗin fistan milimita 80 ne, aka tura masa mai a bar 200, zai yi turin kusan tan goma. Injin lantarki yana juya famfo, famfo yana ɗebo mai daga tanki ya tura shi silinda, dandamali ya hau. Saukowa kuwa ba ta buƙatar famfo: ana buɗe wa man hanya ne kawai, nauyin kayan ya kore shi ya koma tanki. A nan za mu fahimci cewa duk lokacin da dandamali ke sama, abin da ke riƙe da tan biyu 'yan litoci ne na mai da aka kulle wa hanya.

Don haka kowane bawul amsa ce ga wata tambaya. In famfo ya tsaya fa? Bawul mai hanya ɗaya yana barin mai ya wuce gaba, ya hana shi komowa. In wuta ta ɗauke fa? Bawul ɗin saukowa dole ya zama irin wanda sifirin ke rufewa, lantarki ke buɗewa, ta yadda rashin wuta rufewa ne. In kayan sun yi nauyi sosai, kada su sauko a guje fa? Akwai bawul mai daidaita kwarara, wanda ke barin adadin mai guda ya wuce komai matsin. Gudun da aka saba ƙayyade wa irin wannan dandamali santimita 15 ne a daƙiƙa, kuma wannan adadi ne dokar Turai ta sa a matsayin iyaka tsakanin lif da sauran na'urorin ɗagawa. Tambaya mafi nauyi ita ce ta fashewar tiyo, domin tiyo roba ce da zaren ƙarfe, tana lanƙwasawa a kowane hawa, kuma ita ce ta fi saurin tsufa. Amsarta ɗan ƙaramin bawul ne da bai fi babban yatsa ba: faifai ne da sifirin ke riƙe da shi a buɗe, in mai ya nemi fita da gudun da ya wuce na saukowa, kwararar da kanta ta danna faifan ya toshe hanya. Wannan shi ne birkin Otis a cikin mai. Sai dai wurin da aka ɗaura shi shi ne komai. Dole a murɗa shi a bakin silinda kai tsaye. In aka sa shi a wancan ƙarshen tiyo, kusa da tanki, domin can ne hannu ke isa da sauƙi, to tiyon da ya fashe yana tsakaninsa da kayan, kuma ba abin da zai tare. Ya kamata a san iyakarsa kuma: ba ya jin ɗigo. Sil, wato zoben da ke hana mai yoyo a cikin silinda, in ya cinye yana barin dandamali ya riƙa zamewa a hankali, ba ƙara, ba alama, kuma wannan zamiya ta isa ta danne wanda ke ƙarƙashi.

Tazarar da ke ceton gaɓa

Ƙa'idar ISO 12100, wadda ita ce uwa ga ƙa'idojin amincin injuna, ta jera matakai uku da ba a tsallake na farko zuwa na gaba. Da fari a kawar da haɗarin ta hanyar ƙira. Abin da ya gagara a tsare shi da shinge ko na'urar kariya. Abin da ya saura a yi gargaɗi a kansa da rubutu da horo. Jerin yana da hikima, domin allon gargaɗi shi ne mafi arha kuma mafi rauni, ga shi ba kowane lebura ke karanta harshen da aka rubuta shi ba. A dandamali, matakin farko yana nufin barin tazara. Ƙa'idar ISO 13854 ta ba da mafi ƙarancin gibin da za a bari tsakanin sassa biyu masu haɗuwa don kada su murƙushe gaɓa: milimita 25 ga yatsa, 50 ga yatsun ƙafa, 100 ga tafin hannu, 120 ga ƙafa ko dantse, 180 ga ƙauri, 300 ga kai, 500 ga gangar jiki. Hannuwan almakashi da ke wucewa dab da juna suna yanka kamar yadda sunansu ya nuna, don haka ake raba su da gibi. Bakin faranti kuma a janye shi daga gindi yadda takalmi zai tsira.

Inda tazara ba ta yiwu ba sai mataki na biyu. Akan rataya wani firam mara nauyi a ƙarƙashin bakin farantin, zagaye da shi. Da ya taɓa wani abu yana saukowa sai ya ɗaga, ya katse wutar bawul, saukowa ta tsaya. Makunnan da ke jikinsa a haɗa su ta yadda tsinkewar waya ma tsayawa ce. Bayan ya tsaya, kada ya ci gaba don kawai an janye ƙafa. Sai mai aiki ya sake dannawa da gangan. Akwai masu kewaye ƙasan da labulen roba mai naɗewa ko ragar ƙarfe, wanda ya fi dacewa a wurin da jama'a ke wucewa. Maɓallin hawa da sauka kuma ya zama na danna-ka-riƙe, da an saki motsi ya tsaya, a kafa shi inda mai aiki ke ganin ƙasan dandamali duka amma hannunsa ba ya isa almakashi. Ba ma shakkar cewa ma'aikacin da ake biya gwargwadon lodin da ya yi zai nemi tsinke ya soke maɓallin, ko ya ɗaure firam ɗin da waya in yana yawan tsayar masa da aiki. Laifin ba nasa kaɗai ba ne. Kariyar da ke tsayar da aiki ba dalili tana gayyatar a kashe ta, kuma gyara wannan yana wuyan mai ƙira.

Na'urar da aka tsara a Turai, in ta iso Sharaɗa ko Bompai ko Maraɗi, takan tarar da yanayin da ba a yi lissafinta da shi ba. Ƙurar hunturu tana kwanciya a kan sandar silinda mai danshin mai, ta bi ta shiga ciki, ta cinye sil, ta maƙale a bakin bawul ta hana shi rufuwa sarai. Tanki ma yana shaƙar iska duk lokacin da mai ya fita, don haka murfinsa na buƙatar matata. Zafin bazara yana tsinka mai. Ana rarraba man haidurolik da lambobi irin 32 da 46 da 68 gwargwadon kaurinsa a digiri 40, kuma wanda ya dace da sito mai sanyi ba lallai ya dace da rumfar kwano a watan Afrilu ba. Baƙin man mota ba madadinsa ba ne. Ɗauke wuta kuma a nan abin kullum ne, saboda haka a sa bawul na hannu da za a sauko da kaya da shi, a wajen dandamali, inda ba sai an sunkuya ƙarƙashi ba, a kuma tabbatar na'urar ba ta tashi da kanta in wuta ta dawo. Idan aka koma kan janareta aka sauya jerin layukan wuta uku, injin zai juya baya, famfo ya yi ta gudu ba ya tura mai har ya lalace. Ƙaramar na'ura mai gane jerin layi tana hana wannan. Masu waldarmu suna iya haɗa faranti da almakashi masu kyan gani da ƙarko. Abin da aikinsu ya fi buƙata shi ne lissafin injiniya kafin yanka, da bawul ɗin bakin silinda, da gwaji kafin miƙawa. Gwajin da dokar Turai ta saba nema kashi biyu ne: a ɗora kashi 125 cikin ɗari na nauyin da aka yarje a tsaye, sannan kashi 110 ana hawa ana sauka.

Saura mutum guda da duk kariyar da muka lissafa ba ta rufe shi ba, shi ne makanike, domin aikinsa a ƙarƙashin farantin yake, kuma shi ne ke kwance ainihin abubuwan da ke riƙe da shi. Dominsa ake ƙera matokara, sandar ƙarfe da ke manne da gindin na'urar a kan maratayi, wadda ake juyowa ta tare tayar almakashi. Ta zama manne, saboda wadda ake cirewa ɓata take yi, a maye gurbinta da guntun katako. Tsarin amfani da ita a jere yake: a sauke kaya duka, a ɗaga dandamali, a juyo matokara ta kowane gefe, a sauko har nauyi ya zauna a kanta matsi ya fita daga silinda, sannan a kashe wuta a sa kwaɗo a makunni, makulli na aljihun mai gyaran. In ana neman inda tiyo ke yoyo, da kwali ake bi, domin siririn mai da ke fita daga ƙaramar huda yana iya huda fata a matsin da bai wuce bar 7 ba, ya shiga nama. Raunin yakan yi kama da sukar ƙaya, amma aikin tiyata yake nema a ranar.

Bincike na lokaci-lokaci doka ce a ƙasashe da yawa. A Birtaniya, dokar na'urorin ɗagawa ta 1998 ta wajabta cikakken bincike duk wata shida ga abin da ke ɗaga mutane da kuma su sarƙa da majanyun ɗaure kaya, duk wata goma sha biyu ga sauran. A Najeriya, Dokar Masana'antu ta 1987 da ƙa'idojin na'urorin ɗagawa na 2018 da ke ƙarƙashin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya su ma sun tanadi bincike da ajiye shaidarsa. Mai binciken kirki yana goge giris ya duba bakin walda da fitila, ya girgiza hannun almakashi ya ji ko fin ya yi sako-sako a raminsa, ya lanƙwasa tiyo ya ga ko fatarsa ta tsattsage, ya sa katako a ƙarƙashin firam ta kowane gefe huɗu ya ga ko saukowa ta tsaya. Daga nan ya ɗora nauyin da aka yarje, ya ɗaga zuwa rabin hanya, ya ja layi da alli a bango daidai bakin faranti, ya kashe injin, ya dawo bayan minti goma ya auna yawan zamiyar, ya rubuta adadin a littafin na'urar kusa da na binciken da ya gabata.